Kada Ka Kwance, Kawu

Dutsen farko ya sauka a kan kwanon ofishin kan iyaka daidai lokacin da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko Mutmainna daga Ɗan Isa ya taka birki.

"Madam, ni nan na tsaya," in ji shi. "Ba ni shiga wanga rikici, ina da iyali."

Ta dira, ta rungume jakar kwamfutarta, ta sunkuya ta ƙarƙashin sandar shingen da ta raba Nijar da Najeriya. Ba wanda ya tambaye ta takarda. Hankalin kowa yana kan ɗan ofishin nan mai farin fenti, inda mutane suka yi cincirindo da sanduna da fartanyoyi. Direbobin manyan motoci sun hau bisa lodinsu suna kallo. Masu fura sun kwashe ƙorensu sun koma gefe.

"A hito da shi! A hito muna da mai ɗaure ruwa!"

Kawunta ne ya faɗo mata a rai, don a nan suka yi za su haɗu. Ta san wannan kirarin. Tana 'yar ƙarama ta fara jin sa, a ƙofar ɗakin mahaifiyarta.

Ta ɗaga kai. Tsakiyar damina ce, amma sama tas take, shuɗi mai kaifi kamar an wanke ta da toka. Makonni ke nan ko ɗigo bai sauka a ƙasar Jibiya ba. Geron da ta wuce a hanya duk ya nannaɗe ganye ya yi fari.

Ta kutsa ta bayan ofishin, ta buga taga. Wani jami'i dogo, gumi ya jiƙa masa kaki, ya leƙo. Sunansa na rubuce a ƙirjinsa, Abdulfatah.

"Hajiya, koma! Ba a aiki yanzu."

"Mutumin da ke ciki kawuna ne. Akwatin da aka kama shi da shi nawa ne."

Ya dube ta sama da ƙasa, sannan ya zare sakatar ƙofar baya ya fizgo ta ciki.

Kawu Arzika na zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, jini na tsiyaya daga goshinsa zuwa gemu. Da ya gan ta sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ɗiyar nan, kin ce in aje miki ɗan kaya. Ba ki ce mani kayan na da dangi haka ba."

Ta durƙusa gabansa, ta sa gefen mayafinta tana share jinin.

Ita ta jawo masa. Tana aiki da wani ayarin masu binciken yanayi a Damagaram. Sukan cika babban balan-balan da iska mai sauƙi, su ɗaura masa ɗan farin akwati da doguwar igiya, su sake shi ya tafi can sama da gajimare yana aiko musu da awon iska. In balan-balan ya fashe, akwatin ya sauko inda iska ta kai shi. Wani akwatin ya taɓa ɓace musu a dajin yamma da Jibiya, inda 'yan bindiga suka yi sansani, ba wanda ya yi gangancin bin sa. Na makon jiya kuwa na'ura ta nuna ya faɗi kusa da Unguwar Gawo, ƙauyensu da ke gefen Mazanya. Sai ta kira ƙanen mahaifiyarta ta ce ya ɗauko ya ajiye mata, su haɗu a kan iyaka ran kasuwa.

"Tsaya tukuna," in ji Abdulfatah. "Wannan abu bam ne ko ba bam ba? Na sa an jefa shi cikin tsohuwar taya can waje."

"Ba bam ba ne, ranka ya daɗe. Ma'aunin iska ne."

"To me ya sa suka ce yana kuka?"

Kawu ne ya amsa. "Ai ya yi kuka. Ran da na ɗauko shi, ziiii yake kamar ƙudan zuma cikin tulu. Na rataye shi bakin rumbu don awaki. Barira maƙwabciyata ta ji ta bisa danga."

"Ɗan famfo ne a ciki, yana zuƙar iska," in ji Mutmainna. "Batir na ƙarewa yake shiru. Kawu, to maganar ƙulli fa? Na ji suna ta faɗin ƙulli."

"Yo igiya mai kyau haka, doguwa, sai in bar ta ta harɗe? Na naɗe ta ƙulli-ƙulli yadda nike wa igiyar guga. Yau na sako shi buhu na taho, ashe Zunnuraini ɗan Barira na biye da ni da samarin gari. Nan bakin tasha sunka zazzage buhun."

Wani dutse ya fasa gilashin taga. Abdulfatah ya sunkuya, ya ja tsaki.

"Ku ji nan. Na kira a ƙaro mana mutane, an ce suna hanya, amma ban san yaushe ba. Mu kaɗan ne, kuma ba zan sa a harbi manomi don geronsa ya bushe ba. Na yi magana da shugabansu. Sharaɗinsu mai sauƙi ne. Baba ya fito gaban kowa ya kwance ƙullin nan da hannunsa, a tsoma akwatin a ruwa, shi ke nan su watse."

"Ni na yarda," in ji Kawu da sauri. "Wallahi ko da haƙori ne sai in kwance."

Mutmainna ta buɗe baki za ta ce to. Igiya ce kawai. Sai wayarta ta yi ƙara. Kalilu ne, abokin aikinta na Damagaram, muryarsa na yankewa.

"Mutmainna, kina ji na? Ruwa muke sha nan tun azahar, kamar da bakin ƙwarya! Hadarin ya yi layi, ya nufi yamma, wajenku. Awon da muka yi yau ya nuna busasshiyar iskar nan ta fara janyewa."

"Zai iso Jibiya?"

"Allah ne masani. Kin dai san na baya da suka taso haka a hanya suka mutu, ko garin Tasawa ba su wuce ba. Amma wannan ya fi su ƙarf..."

Layin ya katse.

Ta tsaya da wayar a kunne. Abdulfatah har ya kama hannun Kawu zai tashe shi, amma ita ba ofishin take gani ba. Tana ganin tsakar gidansu a Unguwar Gawo, wata shekarar fari. Mahaifiyarta Hajo maginiyar tukwane ce, kuma tukunya ɗanya ba ta son ruwa sai ta bushe. Da hadari ya yi ta tasowa yana watsewa, sai aka ce Hajo ce ke kore shi saboda shanyarta. Aka taru, aka ce ta fasa tukwanenta da hannunta a zauna lafiya. Ta fasa su ɗaya bayan ɗaya tana kuka. A yammacin ranar ruwa ya sauko.

Da bai sauko ba, da an ce an zalunce ta. Ruwan da gari ya yi wa guɗa shi ya yanke mata hukunci. Cikin ruwan nan ta goyi ƙullin kayanta, ta ja hannun Mutmainna, suka bi wannan hanyar, suka sunkuya ƙarƙashin wannan shingen. Hajo ba ta sake gina tukunya ba har ta rasu a Maraɗi. Duk sanda aka yi tsawa sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

"Kada ka kwance, Kawu."

Duk suka juyo.

"Mi kika ce?"

"Akwai hadari na tahowa. In ka kwance yanzu, ruwa ya zo da yamma, me za su ce?"

Kawu ya dube ta. Ta ga lokacin da abin ya shige shi, don fuskarsa ta sake kamar an zare mata ƙashi. Shi ma yana tsakar gidan a waccan ranar.

"Za su ce da ma ni ne," ya faɗa a hankali.

"Yau za su bar ka. Amma duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri, ƙofarka za a fara bugawa. Ta 'ya'yanka ma."

"In kuma bai zo ba fa, Hajiya?" in ji Abdulfatah. "Kin ji abin da ke waje kuwa? Kina da tabbas?"

"Ba ni da shi."

"To wallahi wannan caca ce da ran tsoho."

Ba ta musa ba. Ta dubi kawunta. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa marar takalmi, sannan ya ce, "Ran da anka yi wa Hajo, bayan rumbu na ɓuya. Tahi ki yi abin da za ki yi, kahin tsoro ya dawo mani."

Ta buɗe ƙofar gaba da kanta.

Hayaniyar ta ɗan lafa, don ba mace suke jira ba. Ta wuce kai tsaye zuwa tsohuwar tayar, ta ɗauko farin akwatin, mutane na ja da baya. Bai kai kwalin sabulu girma ba, kuma ba shi da nauyi. Igiyar na reto a jikinsa, ƙulli bayan ƙulli, aikin hannun mai tsafta.

Wani ƙaƙƙarfan saurayi mai gora a kafaɗa ya tare ta. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsattsage.

"Ke kuma wace ce?"

"Mai akwatin. Kai ne Zunnuraini?"

"Ni ne. Ina Arzika? Shi ya ƙulla, shi za ya kwance."

"Ba wanda zai kwance."

Ihu ya tashi. Wani ya wurgo ɓawon rake ya same ta a kafaɗa. Zunnuraini ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Baiwar Allah, kin ga gonata? Iri na ƙarshe na zuba. Mun hita roƙon ruwa har mun gaji, mun juya riguna, mun kai tsohi da dabbobi bayan gari. Kullum hadari ya taso baƙi ƙirin, sai ya zo bisa kanmu ya narke kamar an hura mashi wuta. Mi ke cinye shi? Faɗa mani, tunda ke mai akwati ce."

"Iska ce."

"Iskoki dai!" wani ya yi ihu daga baya.

"Iska," ta maimaita da ƙarfi. "Ku saurara. Wannan sama da muke gani, inda gajimare ke yawo, tana da rufi. Bisa rufin akwai wata iska busasshiya ƙayau, ba raɓa ko kaɗan a cikinta. Wani lokaci rufin yakan lanƙwashe ya rufto, kamar rufin ɗaki in azara ta saki, sai busasshiyar ta zubo ƙasa. A irin wannan lokaci na shekara yana yawan faruwa can arewa mai nisa, sama da Bahar Rum da ƙasashen Larabawa. Muna bin sawunta ne mu ga ko ita ke gangarowa ta hamada ta shiga cikin hadarinmu ta shanye shi. Aikin akwatin nan ke nan, shanshana iska. Masana sun ce abin na da alaƙa da damunar Indiya ma. In ta yi ƙarfi can..."

"Indiya!" Wani direba daga bisa tirela ya kwashe da dariya. "Jama'a, kun ji? Indiyawa sunka ɗaure maku ruwa! Hajiya, kallon fim ya yi maki yawa!"

"A ce su bar rawa cikin ruwa su aiko muna da ragowa!"

Dariyar ta zagaya, amma ba ta taɓa fuskar Zunnuraini ba. Mutmainna ta gane bayani ba zai fitar da kawunta ba. Mai jin yunwa ba ya cin taswira.

Sai wata tsohuwa ta turo kai ta tsakanin maza, tana dogara sanda. Ta ƙura wa Mutmainna ido har ta matso dab da fuskarta.

"La'ilaha illallahu. Wagga goshi na san ta. Ke ba ɗiyar Hajo ba ce?"

"Ni ce, Inna Barira."

"To ga shi nan!" Barira ta juya ga taron tana tafa hannu. "Gado ne! Uwa ta ɗaure da tukunya, ɗiya ta dawo da na Turawa. Ran da Hajo ta hwasa tukwanenta ba ruwa munka sha ba? Wa bai gani ba?"

Taron ya matso. Mutmainna ta ji numfashinsu a fuskarta. Ta ji Abdulfatah a bayanta yana cewa yaransa kada wanda ya ɗaga bindiga.

Ta kama bakin igiyar, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani, ta yi mata sabon ƙulli, ta ja shi da haƙori har ya ɗame.



"Kun ce ƙulli ke hana ruwa. Ga nawa na ƙara. Zan rataye akwatin nan a sandar shinge, kowa na gani, ba mai taɓa shi. Ni ban ce zan kawo ruwa ba, ruwa na Allah ne. Cewa na yi igiya ba ta isa ta hana shi ba. In ya sauko alhali tana ƙulle, kun san kawuna ba shi da laifi."

"In bai sauko ba?" in ji Zunnuraini.

"Mu jira zuwa kiran magariba."

"In an kira bai sauko ba, ba kwancewa kaɗai za a yi ba. Ku biyu za ku bi mu gari, kuma ba ruwan hukuma."

"Ni ban yarda da wannan ba," in ji Abdulfatah.

"Na yarda," in ji Mutmainna.

Ta rataye akwatin a tsakiyar sandar, rabi Najeriya rabi Nijar. Jandarmomin Nijar da ke can gefe suka gyara tsayuwa suna kallo. Aka fito da Kawu aka zaunar da shi a benci a bakin ofis, ta zauna kusa da shi. Mutane suka zazzauna a ƙasa suka yi musu zobe.

Aka yi la'asar nan bakin titi, sahu bayan sahu. Bayan sallama kowa ya juya gabas. Babu komai sai shuɗin nan.

Ta gwada kiran Kalilu, layi bai shiga ba. Ta sake, bai shiga ba.

"Ɗiyar nan," Kawu ya yi mata raɗa, "shi abokin naki, ya taɓa yin kuskure?"

"Sau da yawa."

"Madalla. Da ma ƙarya kika yi mani."

Inuwar tireloli ta yi tsawo. Mai shayi ya hura wuta, ba wanda ya je. Can sai wani daga bisa lodi ya nuna da hannu.

"Ga shi can!"

Wani farin kai ya leƙo daga gabas, ya yi ta kumbura, gindinsa na baƙi, samansa ya baje kamar uwar maƙera. Ba wanda ya yi murna. Sun sha ganin irinsa.

Ya taho har ya rufe rabin sama. Daga cikinsa ruwa ya fara zuba, ana ganin zarensa baƙi-baƙi yana saukowa. Amma zaren bai kai ƙasa ba. A tsakiyar hanya yake ƙarewa, ya tsaya yana lilo kamar gezar mayafi. Ƙasa na nan a bushe, ruwa na rataye a sama.

"Kun gani!" Barira ta miƙe. "Ga ruwa an riƙe shi! Wa ya taɓa ganin ruwa ya tsaya bisa iska in ba an ɗaure shi ba?"

Mutmainna ta san abin da take gani. Busasshiyar iskar ba ta gama janyewa ba, ita ke shanye ɗigon kafin ya iso. Ta sha ganin haka a allon kwamfuta, layi ja a kan layi shuɗi. Ba ta taɓa ganin sa da ran mutum a rataye a jikinsa ba.

Gefen hadarin ya fara yagewa. Rana ta leƙo ta ƙarƙashinsa, ja kamar garwashi. A masallacin tasha ladan ya fito yana gyara lasifika, ta ji yana hura ta.

Sannan ta ji wani sauti. Ziiii.

Daga akwatin yake fitowa. Mutanen da ke kusa da shingen suka watse suna salati. Ta san batirin ya mutu tun makon jiya. Ta san iska ce ta fara kaɗawa tana goga igiyar a jikin ƙarfe. Amma sautin ya yi ƙasa ya yi sama, kamar gunjin da Hajo ke yi a hanci in tana murza bakin tukunya. Ta ji ƙanshin ɗanyen yumɓu.

Benci ya motsa. Kawu ya miƙe, yana ɗingishi zuwa shingen, hannunsa a miƙe.

"Kawu!"

"Bari in kwance, ɗiyar nan. Za a kira salla. Ni na tsufa, amma ke fa? In tahi in ce ma Hajo mi?"

Ta sha gabansa, ta riƙe hannayensa biyu.

"Ita ma don ni ta fasa, Kawu. Don kada a taɓa ni. Ka ga abin da ya saya mata."

"Ku bar shi ya kwance!" mutane suka ɗauka. "Ku bar shi!"

Zunnuraini ya taso, gorarsa a hannu. Bai yi ihu ba, kuma hakan ya fi ba ta tsoro.

"Sake shi, ɗiyar Hajo. Ruwan nan na wuce mu, geronmu ya mutu yau."

"Ba a kira ba tukuna. Kai ka yarda da magariba, gaban mutane."

Ya dubi masallaci. Ya dubi sama. Ya ɗaga gorar, Abdulfatah ya shiga tsakani da ƙirjinsa.

Iska ta buge su duka.

Daga gabas ta zo, mai sanyi kamar an buɗe randa. Ta kwashe hular Zunnuraini, ta kifar da teburin mai shayi, ta ɗaga tamfol ɗin tireloli yana tafi. Rana ta ɓace. Akwatin ya yi ta bugun sandar shinge, igiyarsa a ƙulle. Ladan ya ce Allahu Akbar, tsawa ta amsa masa.

Ɗigon farko ya faɗi a goshin Kawu, daidai kan raunin. Na biyu ya bugi kwano. Daga nan ba a ƙara jin ladan ba.

Ba wanda ya gudu neman mafaka. Maza suka tsaya da sandunansu ruwa na dukansu, wasu na kabbara, wasu na kuka. Direban nan na bisa tirela ya cire riga yana ihu, "Indiya ta sako! Indiya ta sako!" Kwata ta cika nan da nan, ruwa ja ya bi titi ya ratsa ƙarƙashin shingen ya shiga Nijar ba takarda.

Zunnuraini ya je ga akwatin. Ya bi igiyar da yatsa, ƙulli bayan ƙulli, har na ƙarshe wanda ta ja da haƙori. Duk suna nan. Ya saki gorarsa a ruwa. Ya dawo ya durƙusa gaban Kawu, ya cire takalmansa ya ajiye masa.

"Baba Arzika, sa waɗanga. Gobe ni za ni yi maka noman gonarka."

"Riƙe nomanka," in ji Kawu, haƙoransa na kaɗawa. "Hulata nike so. Sabuwa ce."

Barira ba ta motsa daga inda take ba. Zanenta ya manne mata, ta ƙanƙance kamar kazar da ta faɗa rijiya. Da Mutmainna ta zo wucewa sai ta kama mata gefen mayafi.

"Ba a kwance ba, ya zo," ta ce. "To ran nan... ko da Hajo ba ta hwasa ba..."

"Da ya zo, Inna."

Tsohuwar ta saki mayafin. Mutmainna ta ɗaga fuska ta bar ruwan ya dake ta. Tun tana yarinya ba ta tsaya cikin ruwan sama da gangan ba.

Sai dai a rumfar mai shayi, inda mutane suka fara fakewa, wata magana ta soma zagayawa. Ta ji ta a gutsure lokacin da take kwance akwatin daga shingen. Ta ce kahin magariba, kuma kahin magariba ya zo. Ta hi uwarta. Wagga kira take ya amsa.

Ta juya za ta ce musu ba haka ba ne, sai ta ga duk sun yi shiru suna kallon bayanta.

Babur ne ya fito daga hanyar daji ta yamma, ba fitila, ba lamba, taɓo har sirdi. Mai tuƙin ya naɗe fuska da rawani, idanu kaɗai ake gani. Ya tsaya nesa da ofis, inda hasken fitilar ofis bai kai ba, bai kashe injin ba. Mutanen da ke rumfar suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Abdulfatah ya kai hannu kan bindigar da ke ƙugunsa.

Mutumin ya kwance wani abu daga bayan babur ya ɗaga. Farin akwati ne irin nata, ya yi datti, igiyarsa a yanke. Wanda ya ɓace a daji.

"Salamu alaikum," ya ce, muryarsa a kwance. "An ce mai wannan kaya tana nan. Bisa sansaninmu ya hwaɗo. Maigida na son ya ji wa ya aiko shi leƙen mu." Ya juya kai a hankali har idonsa ya tsaya a kan akwatin da ke hannun Mutmainna. "Kuma yanzu na ji an ce tana kiran ruwa. Mu can bai sauka ba."